Emiro Kunne da Dogon Usur

A bakin tekun garin Coveñas, idan babur ɗin ruwa ya ƙi tashi ba a cewa a nemo makanike, cewa ake yi a kira Kunne. Sunan da aka yi masa baftisma da shi Emiro Zúñiga, amma ban da matarsa Dilia da masu rajistar zaɓe babu wanda ya riƙe wannan sunan. Gajere ne kakkaura, shekarunsa sittin da huɗu, kullum cikin shuɗiyar riga wadda gishiri ya cinye launinta, da doguwar sukudireba soke a aljihun baya. Bai iya fara'a ba, kuma bai taɓa ganin dalilin koyo ba.

Ɗan masunta ne. Yana da shekara goma sha huɗu ubansa ya haƙura da shi, don in an fita kamun kifi kowa idonsa na kan ruwa, shi nasa na kan inji. Sai ya haɗa shi da wani jirgin dakon kaya mai zirga-zirga tsakanin Cartagena da tsibirai. Shekara goma sha tara Emiro ya yi a ɗakin injin jirage, inda ko ihu ka yi wa na kusa da kai sai ya tsaya kallon bakinka. A can ya koyi ɗora tsinin sukudireba a jikin inji, ya manna ƙotarta a kunne, ya rufe ido, ya faɗi abin da ke ciwo a ciki tun ba a kwance noti ko ɗaya ba. Da teku ta ishe shi sai ya dawo gida, ya auri Dilia, ya kafa rumfar kwano a bayan gidansu yana gyaran injin kwale-kwale. Ba a jima ba baburan ruwa suka fara shigowa, ana ba baƙi 'yan kan tudu haya su je su yi ta zagaye suna ihu. Sauran makanikai suka ce wannan ai kayan wasan masu kuɗi ne, ba inji ba. Emiro ya buɗe na farkon da ya mutu, ya yi kwana uku a kansa, ya tashe shi. Tun daga ranar duk baburan gaɓar suka zama marasa lafiyarsa.

Ka'idarsa ɗaya ce, kowa kuma ya haddace ta: idan yana aiki ba a magana. Ba a gaya masa abin da inji ya yi jiya, ba a gaya masa abin da ake zato. Mai babur na buɗe baki ya ce, "Maestro, ai tun da safe yake wani irin..." sai Emiro ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Kai ne ba lafiya ko shi? In kai ne, ga asibiti can." Ya taɓa tattara kayansa ya bar wani lauya daga Medellín tsaye da babur a buɗe, don kawai mutumin ya ce shi yana ganin fulogi ne. Fulogin ne kuwa, amma Emiro bai dawo ba sai washegari. Girman kai ne tsantsa, babu wani suna da za a sa masa. Sai dai mutanen gaɓar suna alfahari da girman kan nan kamar nasu ne, har sukan ja baƙo gefe su gargaɗe shi tun maestro, wato babban gwani, bai iso ba.

Abin da ya ɓoye wa kowa shi ne, shekara biyu ke nan kunnen Kunne yana tafiya. Ɗakin injin jirage ne ya biyo shi da tsufa. Siraran sauti suka fara ɓacewa, sai muryar mata in suna bayansa, sai ƙarar waya. Rugugin inji yana jinsa har yanzu, amma da tafin hannu yake ƙarasa abin da kunne ya rage, da hanci, da shekara hamsin na sanin abin da ya saba lalacewa. Sukudirebar yana ɗora ta yadda ya saba, ya rufe ido yadda ya saba, galibi don masu kallo. Ka'idar da ya kafa don taƙama ta koma maɓoya, tunda wanda ba a yi masa magana ba za a kama shi bai ji ba. Yana tsoro, tsoro na gaske. A garin Tolú da ke kusa akwai wani Deivis mai gyara da kwamfuta, yana jona waya a jikin babur ya karanto ciwon a allo. Abin da ya hana mutane komawa wurinsa kawai shi ne sunan Kunne, kuma Emiro ya san ranar da aka ji cewa Kunne ba ya ji, sunan ya ƙare.

Ranar sha shida ga Yuli ake bikin Carmen, waliyyiyar da 'yan coci suka ɗauka uwar direbobi da masu shiga teku. Ana ɗora mutum-mutuminta a babban kwale-kwale a zaga da ita gaɓa, duk abin da ke da inji yana biye. Tsohon fada, limamin cocin garin, yakan bi rairayi da ƙafa yana yayyafa wa jirage ruwan albarka ɗaya bayan ɗaya. Da ya yi ritaya aka turo Fada Hernán daga can kan tudu, bawan Allah wanda ko hoton teku ya gani sai cikinsa ya juya. Shi ya fito da dabara: maimakon ya bi jirage, kowa ya kawo makullinsa coci a jajibiri, a zuba a kwando ɗaya a sa albarka. Matan coci suka ga abin ya yi tsari, har suka ƙara nasu, suka yanke tsofaffin ƙyallaye da zaren da ke jikin makullan suka ɗaura wa kowanne sabon ƙyallen Carmen mai ruwan ƙasa, irin wanda ake ratayawa kamar laya. An yi sanarwa a lasifika har sau uku. Dilia ma daga kicin ta gaya wa Emiro za ta kai makullin babur ɗin wani likitan haƙori da ke ajiye a rumfarsa duk shekara. Emiro ya ce "To," yadda yake ce wa duk abin da ya fito daga kicin.

Makullin babur ɗin ruwa ba irin na ƙofa ba ne. Wata 'yar hular roba ce a bakin igiya, ana kifa ta a kan ɗan turke a ƙasan hannun babur, ɗaya bakin igiyar kuma a jikin direba, don in ya faɗa ruwa hular ta fizge inji ya mutu. Tsofaffin babura kowace hula suka samu karɓa suke yi. Sababbi kuwa kowanne ya san tasa. In ka kifa masa ita zai yi usur biyu gajeru, in bai gane ta ba ya yi guda ɗaya dogo, ya ƙi motsi.

Da ƙarfe takwas na safiyar bikin Wilfrido ya zo rumfa a guje. Shi ne direban Nohemí Barrios, wadda ake kira Niña don girmamawa, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu wanda har yanzu in ya ga Emiro sai ya cire hula. Ya ce babur ɗin Niña ya ƙi tashi, ya kuma yi shiru, don ya san iyakar abin da aka yarda ya faɗa ke nan.

Kowa ya san abin da babur ɗin yake nufi a wannan rana. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ɗan Nohemí ya ɓace a teku kwana uku, aka tsinto shi da rai ranar Carmen. Ta yi alkawari muddin tana numfashi babur ɗinta ne zai riƙa shiga gaban kwale-kwalen, da ita kanta a baya cikin farar riga. Ba ta iya iyo ba, tana kuma tsoron ruwa kamar kaza, amma ba ta taɓa fashi ba. Emiro ne ya tsaya wa yaron a baftisma, saboda haka ita comadre ɗinsa ce, shi compadre ɗinta. Ƙarfe sha ɗaya za a tashi.

Ya tarar da babur ɗin a kan tirelarsa a bakin ruwa, an yi masa ado da furanni. Nohemí na tsaye cikin farar rigarta tana fifita da kwali tana wanke Wilfrido.

"Jiya lafiya lau aka ajiye shi. Me ka yi masa, kai mai hannun ɓarna?"

"Niña, na rantse ko taɓa shi ban yi ba."

"Shi ya sa ai. Wata uku ina cewa ka wanke shi da ruwan daɗi, kana can kana wanke maƙogwaronka da giya." Ta juyo. "Compadre, ga shi nan. In bai tashi ba sai dai wannan ƙaton ya goya ni ya yi iyo."

Emiro ya ɗaga yatsa ɗaya. Aka yi tsit. Har Eufemia mai suyar kifi, da rumfarta ke kusa, ta daina kiran masu saye.

Ya miƙa hannu, Nohemí ta ciro makullin daga wuyanta ta ba shi. Igiya rawaya, hula baƙa, irin na babur ɗin sak, ga shi daga wuyan mai shi ya fito. Ya goge turken da gefen rigarsa, ya kankare ɗan gishirin da ya daskare, ya hura cikin hular, ya kifa. Shi dai bai ji komai ba. Bai damu ba, don galibin baburan gaɓar gishiri ya daɗe da kashe musu usur, ya ɗauka wannan ma haka. Gilashin mita kuwa rana ta ƙona shi tun bara, ba a iya karanta komai. Ya danna maɓallin tayarwa. Ko tari injin bai yi ba. Ya gyaɗa kai kamar ya gano wani abu, ya zare hular, ya ɗaga kujera.

Da batir ya fara, don kashi bakwai cikin goma nan ne. Ya taɓa kawunansa da ɗan ƙwan fitilarsa mai waya biyu, ƙwan ya kama tar. Duk da haka ya kwance wayoyin, ya goge koren tsatsar da ta hau su da sanfefa, ya ɗaure da ƙarfi. Ya kifa hula, ya danna. Shiru. Ya zare fis ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su ga rana, duk lafiya. Ya cire fulogai don ya ga ko ruwa ya shiga inji ya cije shi, ya same su a bushe, launinsu mai kyau, har ya ji haushin kyaunsu. Ya kwanta a rairayi ya leƙa ƙarƙashi, ko igiya ko leda ko dutse ya shaƙe farfela, ya zura hannu ya juya ta, ta juya sumul. Kowane gwaji sai ya kifa hular, ya danna, ya zare.

Ƙarfe tara da rabi ta wuce. Rana ta buɗe sosai, masu bushe-bushe sun iso suna gwada kayansu, jama'a sun kewaye tirelar, babu mai cewa uffan. Sauran baburan duk suna cikin ruwa suna zagaye. Hodar fuskar Nohemí ta fara gangarowa da gumi.

Sai ya yi abin da ba ya son yi a gaban mutane. Ya haɗa manyan wayoyi biyu da tsinin sukudireba, ya tura wa kik, abin da ke juya inji ya tashi, wuta kai tsaye. Tartsatsi ya tashi, inji ya juya da ƙarfinsa, gurr gurr gurr, bai kama ba. Ya jingina fulogi a jikin ƙarfe ya sake, babu wuta. Ya ɗora tafin hannu a kan tanki, famfon mai ba ya motsi. Wato inji lafiyarsa ƙalau, batir lafiya, kik lafiya, wani abu ne a sama ya hana a ba su izini. Abu ɗaya ya rage a lissafinsa, ƙwaƙwalwar babur ɗin ta ƙone. Ita kuwa sai an yi odarta daga Barranquilla, sati biyu in an yi sa'a.

Ya miƙe yana goge hannu, yana shirya yadda zai gaya wa comadre ɗinsa. Kafin ya yi magana ya ce bari ya ƙara gwadawa sau ɗaya, don dai a ce ya yi. Wannan karon kansa a ɗage yake. Yana kifa hular sai ya ga Eufemia ta ɗage kafaɗa ta yamutsa fuska. Wilfrido ya ƙifta ido. Wani kare da ke kwance a inuwar tirela ya miƙar da kunnuwa.

Emiro ya zare hular. Ya jira. Ya sake kifawa yana kallon karen ta gefen ido. Kunnuwan suka sake miƙewa.

Sai ya gane. Usur ɗin babur ɗin nan da ransa, tun ƙarfe takwas yake magana, kuma duk wanda ke tsaye a wurin ya ji abin da yake cewa, har kare, ban da mutum ɗaya. Su kuwa sun ga maestro ya kifa hula, ya gyaɗa kai, ya wuce kan batir, sai suka ɗauka ya ji ya auna ya ga abin ya fi nan zurfi. Wilfrido ya san ma'anar usur sarai, amma wane shi ya gaya wa Kunne abin da inji ya ce? Shekara talatin Emiro ya yi yana koya musu rufe baki, ga shi sun koya.

Ya yi ƙoƙarin karanta amsar a fuskar Eufemia. Yamutsar ta yi kama da doguwa, amma Eufemia ko gaisuwa aka yi mata haka take yamutsa fuska. In biyu ne gajeru, babur ya karɓi makulli, ƙwaƙwalwa ce ta mutu, maganarsa ta tabbata. In ɗaya ne dogo, to wata magana ce daban, kuma mai sauƙi. Hanya a buɗe take. Zai iya cewa ƙwaƙwalwa ce, babu wanda zai yi musu, a tura babur ɗin rumfarsa, gobe ya bincika shi kaɗai a nutse, bayan sati biyu ya fito da shi a tafa masa. Nohemí ce kawai za ta tsaya a rairayi cikin farar riga tana kallon kwale-kwalen ya tafi babu ita. Ya dube ta. Ta daina fifita, leɓunanta suna motsi, addu'a take yi.

Ya daɗe yana goge hannun da ya riga ya bushe. Kunya ce ta riƙe shi, da haushin kansa, da haushin karen.

"Wilfrido."

"Maestro?"

"Zo nan gabana. A'a, nan, inda zan ga bakinka." Wilfrido ya matso yana murza hular kansa a hannu. "In na kifa wannan, me yake cewa?"

Wilfrido ya yi 'yar dariya ya waiga yana neman mai taya shi. "Haba maestro, yau kuma jarrabawa za a yi min? A gaban Niña?"

"Ba jarrabawa ba ce. Ba na ji." Ya faɗe ta da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya, kamar yadda kurame ke yi. "Shekara biyu ke nan ba na jin usur. Dogo ne ko gajere?"

Dariyar ta bushe a fuskar Wilfrido. Ya dubi ƙasa, sai ya tuna an ce a ga bakinsa, ya ɗago. "Dogo ne, maestro. Guda ɗaya. Tun safe."

"Sau goma sha bakwai," in ji Eufemia daga rumfarta. "Na ƙirga. Saura kaɗan ya huda min kai." Wata mata ta zungure ta, Eufemia ta ce, "To me na ce? Ai tambaya ya yi."

Emiro bai ji wannan ba. Ya ɗaga makullin ya ce, "Comadre, wannan ba nasa ba ne."

"Ba nasa ba? Compadre, kurumtar har ido ta shiga? Da hannuna na ɗauko shi daga kwandon."

"Wane kwando?"

Nan fa kowa ya buɗe baki a lokaci ɗaya, shirun shekara talatin ya ɓalle. Wannan na cewa fada, wancan na cewa lasifika, wata na kwatanta girman kwandon da hannu. Emiro ya tsaya yana bin bakuna da ido, bai kama ko ɗaya ba. Sai ga Dilia ta ratso jama'a, riƙe da furannin da matan coci za su watsa a ruwa. Doguwa ce siririya, ba ta da gaggawa a komai. Ta tsaya daf da shi, ta fuskance shi, ta yi magana a hankali tana buɗe baki sosai.

"Jiya an kai makullai coci an haɗa su wuri ɗaya. Na kai na likitan haƙori. Igiyarsa rawaya ce, irin wannan. Comadre jan zare take ɗaura wa nata, mu muka yanke. Ɗayan yana kan ƙusa a rumfarka."

Ba ta ce ta gaya masa jiya ba. Shi ma bai tambaya ba, ya tuna da "To" ɗinsa.

Wilfrido ya ari babur ɗin wani ɗan acaɓa ya tafi. Emiro ya durƙusa ya shiga mayar da abin da ya kwance, fulogi, fis, murfin batir, kowanne a mazauninsa. Yana jin hayaniya a bayansa kamar ta kasuwa daga nesa, ya san kuma a kansa ake yi. Bai waiga ba. Da makullin ya iso ya kifa shi, ya dubi Wilfrido. Wilfrido ya ɗaga yatsu biyu. Emiro ya danna maɓalli, injin ya tashi a bugun farko kamar bai taɓa yin laifi ba. Sha ɗaya saura kwata.

Aka tura tirelar cikin ruwa. Kafin a ɗora Nohemí ta kamo hannun rigarsa, ta kai bakinta saitin kunnensa, ta kwarara ihun da aka ji har rumfar kifi. "Compadre! Da ka yi tambayar nan tun ƙarfe takwas, da hodata ba ta narke ba!" Idonta cike da hawaye. Ta matse hannunsa sau ɗaya ta saki. Fada Hernán yana can nesa a kan busasshen rairayi yana ɗaga hannu yana sa albarka, bai san shi ya haɗa wannan aikin ba, kuma har yau babu wanda ya gaya masa.

Labari ya isa Tolú tun kwale-kwalen bai juyo ba. Abin da Emiro ya ji tsoro ya faru, ba duka ba amma da yawa. Otal biyu suka mayar da baburansu wurin Deivis a watan, kuma ba za a ga laifinsu ba. Waɗanda suka rage su ne masu babur ɗaya ko biyu, da masunta, da Nohemí. 'Yarsa da ke aure a Montería ta kai shi aka auna, aka ba shi abin sawa a kunne, ya sa kwana huɗu ya ce yana mayar da kowane inji gwangwani, ya jefa a aljihun tebur. Yana nan yana aiki a rumfar kwanonsa, ya rage saurin fushi da kaɗan, ba da yawa ba.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, bai tsaya ganin dawowar jirage ba. Ya tattara kayansa ya koma gida ta bayan layi. Da la'asar Dilia ta same shi zaune a tsakar gida a ƙarƙashin mangwaro, ta ajiye masa shinkafa da kwakwa da soyayyen kifi, ta jawo kujera ta zauna a gabansa. Ya ci loma biyu ya ture.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da tukunya ta ƙone kana zaune kusa da ita tana ƙara."

"Ba ki ce komai ba."

"Ka ce in kana aiki ba a magana. Ni kuwa na ga aiki kake yi, babba."

Ya kalli hannuwansa. Can ya ce, "Me kuma? Ban da usur. Me ke yi ban sani ba?"

Ta ɗan yi tunani, ta shiga lissafa masa ba tare da ta tausasa ba. Ƙofar gida tana ƙara tun bara, kowa ya shigo sai ya yi mita, gidan makanike guda. Tsuntsaye sun yi sheƙa a kan mangwaron nan, da asuba ba sa barin kowa barci. Jikarsa in ta kira waya ya ce layi ba kyau, layin lafiyarsa ƙalau, yarinyar har ta fara cewa kakanta ba ya son hira da ita.

Wannan ta soke shi, ya rufe ido.

"Sai kuma ni," in ji Dilia. "Shekara talatin in ina wanki ina waƙa sai ka leƙo daga rumfa ka ce in yi wa Allah in yi shiru, ina firgita maka inji. Shekara biyun nan ba ka leƙo ba. Na san dalili sarai. Amma wani lokaci nakan bar wa raina cewa ka fara so ne."

Ta miƙe za ta ɗauki kwanon. Ya riƙe wuyan hannunta.

"Wacce kike yi yanzu?"

"Wadda dai ka fi tsana."

"Dawo ta hagu. Na hagun ya fi."

"Emiro, ba wanki nake ba. Haka kawai sai in kama waƙa kamar mahaukaciya?"

Bai saki ba. Ta yi tsaki, ta jawo kujerar zuwa hagunsa, ta gyara murya sau biyu, ta fara. Inda muryar take ƙasa ya ji, ya kuma tabbatar ba ta ƙara iyawa ba ko kaɗan. Inda ta hau sama sai waƙar ta ɓace masa, sai dai ya ga jijiyar wuyanta tana motsi. Ya zauna yana kallon jijiyar har ta kai ƙarshe.